Katin Pokémon na Japan: Dakata kafin ka tura kuɗi

Ka ga katin Pokémon mai rubutun Japananci a intanet, ya tafi da hankalinka, har ka fara lissafin kuɗi? Tsaya tukuna.

A Japan aka fara buga katunan a 1996, na Turanci suka biyo baya a 1999. Masu tarawa na rububin na Japan sosai: katin Pikachu Illustrator, da aka ba zakarun gasar zane kyauta, Logan Paul ya mallaki ɗaya a 2021 kan dala miliyan 5.275.

Amma fa tarawa daban, wasa daban. Zanen bayan katin Japan ya bambanta da na Turanci, kuma a gasannin hukuma na Amurka da Turai ba a karɓar sa. Sunaye ma na canzawa: Charizard ɗin da ka sani, Lizardon ne a Japan, Dracaufeu a Faransa. In rubutun ya gagare ka, lambar da ke ƙasan katin za ta kai ka ga fassararsa.

Don haka tambayi kanka: ajiyewa za ka yi ko bugawa? In kuma farashin ya yi sauƙi da yawa, ka yi zargin jabu ne. Araha ba ta ado.