Tantanin Maiƙo a Kan Gilashi: Abin da Alƙaluma Ke Nunawa

Miliyan 10. Kimanin adadin ƙwayoyin furotin ke nan da ke lulluɓe da ƙwayar cuta guda mai haddasa ciwon barci ga mutane da sammore ga shanu, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa. Ita ce cutar da aka kafa wa cibiyar bincike ta Afirka ta Yamma a 1947, wadda a yau ake kira NITR, mai hedikwata a Unguwar Rimi, Kaduna. Kowane ɗaya daga cikin furotin ɗin, mai suna VSG, a kafe yake da ɗan turke na maiƙo a cikin tantanin ƙwayar cutar. A jikin mai rai komai a cakuɗe yake. Shi ya sa masana ke shimfiɗa kwaikwayon tantanin a kan gilashi, su dasa masa furotin iri ɗaya, su auna shi shi kaɗai.

Kaurin tantanin nanomita 4 zuwa 5 ne, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Sai an jibga irinsa wajen 20,000 kafin a kai kaurin fallen takarda. Sahu biyu ne na maiƙo, kawunansu na kallon ruwa, jelolinsu a ɓoye a tsakiya. Gorter da Grendel ne suka nuna haka a Holan a 1925: sun tatso maiƙon jajayen ƙwayoyin jini suka baza shi a kan ruwa, ya rufe fili ninki 2 na faɗin ƙwayoyin.

A kowane murabba'in maikuromita akwai ƙwayoyin maiƙo kimanin miliyan 5, bisa ƙiyasin littafin Molecular Biology of the Cell na Bruce Alberts da abokan aikinsa. Littafin ya ce maiƙo ne kusan kashi 50 cikin 100 na nauyin tantanin ƙwayar halittar dabba, ragowar kuma galibi furotin.

Hanyar shimfiɗa shi a kan gilashi ta fito daga ɗakin binciken Harden McConnell a Jami'ar Stanford ta Amurka, a rubuce-rubucen 1984 da 1985. Ana busar da maiƙon, a jiƙa shi da ruwan gishiri, a yi ta tura shi ta rariya mai ƙofofin nanomita 100 har ya koma 'yan ƙunduƙundu masu ruwa a ciki. Idan aka zuba su a kan gilashin da aka wanke tas, sai su lafe, su yi cincirindo, su fashe, gefensu ya haɗe da na maƙwabci. Cikin mintuna fuskar gilashin ta rufe.

Hatiz 26, wato karkarwa 26 a daƙiƙa, shi ne alamar aiki ya yi kyau. Keller da Kasemo na Jami'ar Chalmers ta Suwidin sun nuna a 1998 cewa idan tantanin ya kammala a kan ma'aunin da ke karkarwa, saurin karkarwarsa na raguwa da kusan wannan adadi. Kowane hatiz ɗaya daidai yake da nanogiram 18 a murabba'in santimita, jimilla kimanin nanogiram 470. Da wannan lissafi, giram ɗaya na maiƙo zai rufe murabba'in mita 210, wato kusan rabin fuloti mai ƙafa 50 a 100, irin wanda dillalan fili ke tallatawa a Kawo da Rigachikun. Ke nan ba maiƙon ne ke cin kuɗi ba.

Tsakanin tantanin da gilashin akwai ruwa mai kaurin nanomita 1 zuwa 2. A nan fa'idar fasahar take, a nan kuma iyakarta. Ruwan ne ke barin ƙwayoyin maiƙo su ci gaba da zirga-zirga, da ma'aunin yaɗuwa na murabba'in maikuromita 1 zuwa 4 a daƙiƙa, kusan rabin saurinsu idan babu gilashi a ƙarƙashi. Amma furotin da ya ratsa tantanin ya ɓullo ta ƙasa, ratar ba ta isar sa. Sai ya goga gilashi ya maƙale. VSG bai da wannan matsala, domin turkensa a sahun sama kawai ya tsaya.

Minti 12 ke isar ƙwayar cutar ta haɗiye rigarta ta VSG baki ɗaya ta sake fito da ita, kamar yadda Markus Engstler da abokan aikinsa suka auna a 2004. Hakan ba zai yiwu ba sai furotin miliyan 10 na iya motsi duk da cunkoso. A 2016 ƙungiyarsa a Jami'ar Wurzburg ta Jamus ta dasa VSG a tantanin gilashi tana ƙara yawansa daki-daki, ta wallafa sakamakon a mujallar Nature Communications. An gano cewa cunkoson da ke jikin ƙwayar cutar na dab da gaɓar da motsi ke raguwa ƙwarai, kuma sarƙoƙin sukari da ke maƙale da furotin ɗin ne ke taimaka masa ya ci gaba da zamewa. Tambaya ce da ke da wuyar amsawa a jikin ƙwayar mai rai, domin ba a iya juya yawan furotin ɗinta yadda aka ga dama.

Saura zafi. Kowane maiƙo da matakin da yake daskarewa: kundin kamfanin Avanti mai sayar da maiƙon ya ba DOPC digiri 17 ƙasa da sifili, DMPC digiri 24, DPPC digiri 41. Na tsakiyar ne ya shafi Kaduna. A watan Janairu, lokacin hunturu, asuba kan sauka ƙasa da digiri 20, azahar ta haura 30. Tantanin DMPC da aka bari a kan teburi zai daskare da safe, ya narke da rana, alƙaluman motsinsa su sauya tare da shi. Haka kuma da zarar iska ta taɓa fuskarsa ya lalace, dole ya zauna a cikin ruwa. Ɗakin bincike a Kaduna da ke son wannan aiki zai fi buƙatar wutar lantarki mai riƙe ɗaki a mataki ɗaya na zafi, dare da rana, fiye da kwalbar maiƙo.