Carbin da ke haske da dare ba shi ne abin tsoro ba

Lokaci-lokaci saƙon yakan sake zagayowa a WhatsApp, an canza masa hoto an bar masa zancensa: wai a yi hattara da carbi mai haske cikin duhu, da agogon da hannayensa ke ƙyalli da dare, da 'yan taurarin robar da ake manna wa yara a silin, don wai suna fitar da tururin da ke jawo ciwon daji. Masu tura saƙon ba mugunta ke sa su ba, tausayi ne, sai dai ba su tsaya sun yi tambaya ba. Tushen kuskuren ɗaya ne. Ana zaton duk abin da ya yi haske ba wuta ba batir, to daga cikinsa hasken ke tsirowa, kuma abin da ya iya haka lalle akwai wani mugun ƙarfi a jikinsa. Alhali carbin nan ba shi da hasken kansa ko kaɗan. Wanda ya sha a rana ko a gaban ƙwan lantarki shi yake mayarwa.

Idan haske ya sauka kan wasu sinadarai, ilektaron da ke cikinsu sukan karɓi ƙarfinsa su hau matakin da ya fi nasu, kuma ba sa iya dawwama a can, dole su sauko su saki abin da suka karɓa. Lamarin kamar bashi ne. Akwai mai karɓa ya biya tun kafin mai ba da rancen ya juya baya, shi ne masana ke kira fuloresans, kuma jinkirinsa bai wuce 'yan kaso cikin biliyan na sakan ɗaya ba, shi ya sa ana kashe fitila ƙyallin ke ɗaukewa. Akwai kuma mai riƙewa ya riƙa biya da kaɗan-kaɗan, na sakanni ko mintoci ko dare guda, shi ne fosforesans. Duka biyun ba sa biya cif-cif, domin wani kaso na ƙarfin yakan salwanta ya koma ɗumi, sai hasken da ya dawo ya zo da launin da bai kai na farko ƙarfi ba. John Herschel ya ga shuɗin ƙyalli a ruwan kwinin, tsohon maganin zazzaɓin cizon sauro, a 1845. George Stokes na Jami'ar Kambirij ne ya nuna a 1852 cewa ruwan yana shan hasken UV ne, wanda ido ba ya gani, ya mayar da shuɗi wanda ido ke gani.

Dalilin jinkirin ya daɗe yana ba masana wahala. Sai a 1944 Gilbert Lewis da Michael Kasha a Kalifoniya suka tabbatar cewa a wasu sinadarai ilektaron ɗin yakan sauya yadda yake juyawa bayan ya hau, kuma a wannan hali hanyar saukowa ba ta buɗe masa sai da ƙyar. A garin hodar da ake cuɗawa cikin roba ko fentin agogo kuwa, wasu 'yan gurabu ne a jikin ƙwayar hodar ke kama ilektaron ɗin, ɗumin ɗaki yana sakinsu ɗaya bayan ɗaya. Tsohuwar hodar ita ce zinki salfaid. Wadda ta fi ta ƙarfi da daɗewa, sitirontiyam aluminet, kamfanin Nemoto na Japan ne ya fito da ita a 1993, kuma babu sinadari mai tururin nukiliya a cikin kowaccensu. Mai shakka ba ya bukatar ɗakin gwaji. Ya kulle carbin a akwati kwana biyu ya buɗe cikin duhu, ba zai ga komai ba. Ya shanya shi a rana, hasken ya dawo. Ya tsoma shi a ruwan ɗumi, ƙyallin ya ƙaru amma ya mutu da wuri, don zafi ya gaggauta sakin abin da aka riƙe.

Mai karatun da ya san tarihi zai ce ai an taɓa yin agogon da ya kashe mutane. Gaskiya ne, kuma bai kamata a yi wa wannan magana kwaskwarima ba. Daga wajen 1917, a garin Orange na jihar New Jersey a Amurka, an ɗauki 'yan mata aikin shafa wa lambobin agogo fentin da aka haɗa da radiyam, aka koya musu su riƙa yi wa bakin burushin tsini da leɓɓansu. Radiyam ya zauna a ƙashinsu, haƙora suka zube, muƙamuƙai suka ruɓe, da yawa suka mutu. Grace Fryer da wasu mata huɗu suka kai kamfanin ƙara, aka sasanta a 1928. To amma wannan fenti ba ya jiran rana, tururin radiyam ne ke zungurar hodar dare da rana, kuma an daina amfani da shi a agogo shekaru da dama da suka wuce. Abin da masu yaɗa saƙon ba su sani ba ma shi ne, tsohon agogon radiyam na zamanin yaƙin duniya yawanci ya daina haske, don tururin ya cinye hodar, amma radiyam ɗin yana nan daram, tunda sai bayan kimanin shekara 1600 rabinsa ke ƙarewa. Wato mai haɗarin shi ne wanda ba ya ƙyalli. Ido ba ma'aunin wannan haɗari ba ne.

In ana neman abin damuwa a wannan fanni, yana rataye a shaguna da azuzuwa da masallatai. Dogon ƙwan lantarkin nan fari, da ɗan murɗaɗɗen da aka yi yayinsa don rage shan wuta, duka akwai zaiba a cikinsu. Tururin zaibar ne ke ba da hasken UV, farar hodar da ke shafe a jikin gilashin ta sha ta mayar da farin haske. Hodar ba ita ce matsalar ba, zaibar ce, mai taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, musamman na yara. Muddin ƙwan bai fashe ba, ba komai. Amma a wurinmu ƙarshen kowane mataccen ƙwai juji ne, inda yara ke fasa shi don jin ƙararsa. Najeriya tana cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan zaiba, sai dai sa hannu a takarda bai gaya wa mai shago inda zai kai mataccen ƙwansa ba. An bar jaki ana dukan taiki.

Wani kuma zai ce, in dai abin wasan yara ne da ƙwan fitila, ina amfanin masana su ƙare rayuwarsu a kai? Osamu Shimomura ya yi shekaru yana kamun jelifish, wata halittar teku mai laushin jiki, a gaɓar Friday Harbor ta jihar Washington, don kawai ya gane dalilin koren ƙyallinta, kuma a 1962 ya ba da rahoton furotin mai wannan ƙyalli. Shekara talatin ba wanda ya san abin da za a yi da shi. Douglas Prasher ya ware ƙwayar gadon furotin ɗin a 1992, Martin Chalfie ya sa ta cikin wata 'yar tsutsa a 1994 ƙwayoyin jijiyarta suka yi kore, Roger Tsien ya samar da wasu launukan. Yau da shi ake bin sawun ƙwayar ciwon daji ko ƙwayar zazzaɓin cizon sauro cikin halitta mai rai ba tare da an kashe ta ba. Shimomura da Chalfie da Tsien sun sami kyautar Nobel a 2008. Prasher kuwa kuɗin bincikensa ya yanke tun da wuri, lokacin da aka sanar da kyautar yana tuƙin motar ɗaukar abokan ciniki a wani kamfanin sayar da motoci a Alabama. Masu yanke kasafin jami'o'i da cewa a nuna musu amfanin bincike kafin su saki kuɗi ya kamata su san labarinsa.

Amfanin ya riga ya iso asibitocinmu. Na'urar GeneXpert da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, wadda ke gano tarin fuka cikin kimanin awa biyu har ta faɗi ko ƙwayar ta bijire wa maganin rifamfisin, ƙyallin fuloresans take karantawa. Haka gwajin PCR da aka yi ta yi lokacin korona, haka fitilar da ma'aikacin banki ke haska takardar kuɗi da ita.

Amfanin da ya fi shafar ƙasar gyaɗa da masara shi ne na auna gubar afalatoksin. An gano ta ne bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Wata funfuna ce ke samar da ita a hatsin da aka adana da danshi, dafuwa ba ta kashe ta, kuma tana jawo kansar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Da ƙyallinta a ƙarƙashin hasken UV aka fara rarrabe nau'o'inta, wasu shuɗi wasu kore, kuma har yau da ƙyallin ake auna yawanta a ɗakunan gwaji. Haska buhu da fitilar UV a kasuwa ba ya wadatarwa, don yakan nuna abin da ba gubar ba, ya kuma ɓoye gubar da ke can cikin ƙwaya; sai an niƙa samfur an tace an auna. Cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da Aflasafe da manomi ke watsawa a gona don rage gubar tun daga tushe. Abin da kasuwa irin ta Dawanau ta cancanta shi ne wurin gwajin da mai buhu goma zai iya biya, ba mai fitar da kaya waje kaɗai ba, domin gyaɗar da aka ƙi saya a Turai ba zubar da ita ake yi ba, ƙuli-ƙuli da kunu take komawa.