Wayar da aka bar wa Allah ba ta shiga lissafi

Tambayi mutum uku a Kano ko ƙwacen waya ya ragu, ka ji amsa uku. Wanda aka zare wa wuƙa jiya a cikin Adaidaita Sahu zai ce gari ya lalace. Wanda ya shekara bai ga komai ba zai ce ai an samu sauƙi. Na ukun kuwa bidiyo zai nuna maka a WhatsApp, wanda shi kansa bai san ranar da aka ɗauke shi ba, balle unguwar.

To, ina gaskiyar take? Sai a ce a duba alƙaluma. Sai dai abin da ke hannun 'yan sanda a hedikwatarsu ta Bompai ƙarar da aka kai ce kawai. Mu kuwa mun san halinmu. A ƙwace wa matashi waya bayan magariba, ya dawo gida jiki na rawa, uwa ta ce, "Tunda an bar ka da ranka, ka bar wa Allah." Washegari ya je ya yi sabon layi, shi ke nan. A littafin caji ofis, babu abin da ya faru a unguwar.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a Disambar 2024 ya nuna cewa cikin gidajen da aka yi wa fashi a Nijeriya, kusan 36 cikin 100 ne kaɗai suka kai ƙara. Saboda haka unguwar da ta fi yawan ƙararraki, wataƙila mutanenta ne suka fi kai ƙafa wurin hukuma. Haka kuma sata goma a cunkoson Kurna ba ɗaya take da sata goma a unguwa mai gida ɗari ba. Dole a auna da yawan jama'a.

Tunda alƙaluma kaɗai ba su isa ba, kai mai neman gidan haya, kada ka tsaya ga maganar dillali. Je ka zaga unguwar bayan isha'i. Masu shayi na nan? Akwai 'yan sintiri? Tambayi mai unguwa da mai shagon kan kwana.

Kai kuma mai waya, danna *#06# yau, ka rubuta lambobi 15 ɗin da za su fito a takarda, ka adana. In tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, ɗauki takardar ka nufi caji ofis mafi kusa, ko da ba ka sa ran wayar za ta dawo.