Takalmin Taya Bayan an Girma: Yadda Ake Warware Mugun Sabo

Duk mai bin titin Maiduguri da yamma, daga Hotoro zuwa Tarauni, ya saba ganin yaran nan masu takalmin taya suna sulalewa a gefen kwalta. Yanzu manya ma sun shigo, har da 'yan makarantarmu. Shekarata uku ina siketin, kuma ranar Lahadi da safe nakan koya wa abokai a unguwarmu. Abin da na lura shi ne, babba ba ya wuyar tsayawa a kan taya. Matsalar tana zuwa bayan wata biyu ko uku, lokacin da ya koya wa kansa a gurguje, jikinsa ya haddace kuskure.

Asalin wannan takalmi daga wasan zamiya a kan ƙanƙara ne. Wasu 'yan uwa biyu a jihar Minnesota ta Amurka, Scott da Brennan Olson, masu wasan hoki, su suka kafa kamfanin Rollerblade a farkon shekarun 1980 don su riƙa atisaye idan ƙanƙara ta narke. Shi ya sa ƙa'idar ɗaya ce, ko a ƙanƙarar Kanada ko a kwaltar Gyadi-Gyadi: takalmin yana sulɓi gaba da baya, amma yana kama ƙasa ta gefe.

Me ya sa sabo ke da taurin kai?

A 1967 masana biyu, Paul Fitts da Michael Posner, sun kasa koyon motsin jiki mataki uku. Da farko kana tunanin kowane motsi. Sai ka fara haɗa su kana rage kuskure. A ƙarshe jiki ya riƙa yi da kansa, kamar yadda kake tuƙa babur kana hira. To, jiki ba ya tantance daidai da kuskure, abin da aka fi maimaitawa shi yake ajiyewa. Ga kuma tsoro: babba ya fi yaro tsawo da nauyi, ya san zafin faɗuwa, sai ya ƙanƙame jikinsa. Yawancin miyagun sabo daga wannan ƙanƙamewar suke tsirowa.

Guda huɗu da na fi gani

Na farko, kallon ƙafa. Kai yana da nauyi, inda ya karkata nan jiki ke bi. Zaɓi wata alama can gabanka, kamar turken fitila, ka kafa mata ido.

Na biyu, miƙe gwiwa ƙyam kamar soja a fareti. Nauyi sai ya koma dunduniya, tayoyin su zille gaba, mutum ya faɗi ta baya, wadda ita ce faɗuwa mafi haɗari saboda ƙeya. Lanƙwasa gwiwa har ta rufe maka kan yatsunka, ka ji ƙwaurinka yana danna harshen takalmin.

Na uku, tafiya irin ta ƙasa, wato tura ƙafa baya da yatsu. Tunda takalmin ta gefe yake kamawa, gefe za ka tura da dukkan tayoyin, ka dawo da ƙafar ƙarƙashinka, ka bar ɗayar ta ɗauke ka na ɗan lokaci.

Na huɗu, idon sawu ya riƙa faɗawa ciki. Sau da yawa laifin takalmin ne: an sayo na gwanjo ya yi yawa, ko ba a ɗaure shi tamau ba. Duba tayoyinka, in gefen ciki ya cinye sosai, ka juya su, ka musanya musu wuri.

Yadda ake gyarawa

Ɗauki sabo ɗaya tak a mako. Wanda ya ce zai gyara huɗu a rana ɗaya, wallahi babu wanda zai gyaru. Fara a kan ciyawa ko kafet inda taya ba ta gudu, sannan ka koma siminti mai laushi, a hankali ƙwarai. Da ka ƙara gudu, tsohon sabo ke karɓe sitiyari.

Ba wa jikinka aikin da zai yi, kar ka tsaya a "kar ka kalli ƙasa". Ka ce masa "kalli turken can". Sa aboki ya ɗauke ka bidiyo da waya ta gefe, domin kana iya rantsuwa gwiwarka a lanƙwashe take, hoto ya nuna ta a miƙe. Minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar Asabar, kuma da ka gaji ka cire takalmin, don gajiya ce ƙofar da kuskure ke dawowa. A makon farko za ka ga kamar ka koma baya. Haka abin yake, kar ka karaya.

Birki kafin gudu

Ana ba da labarin John Joseph Merlin, wanda ya nuna takalmin taya a wani biki a Landan a ƙarni na 18 yana goga fayolin, ya rasa yadda zai tsaya, ya afka wa katafaren madubi. Har yau masu koyo da yawa birkinsu bango ne ko kafaɗar aboki. Birkin yana dunduniya, galibi a ƙafar dama: turo ta gaba, zauna a kan ta baya, ɗaga yatsun ta gaban a hankali. Wanda bai iya wannan ba, ba shi da hurumi a titi. Maƙale wa Adaidaita Sahu kuwa, wannan ganganci ne tsantsa, ɗan yashi kaɗan ko rami ya isa.

Mai faɗuwa yakan tare ƙasa da tafin hannu, shi ya sa wuyan hannu na cikin wuraren da suka fi karyewa a wannan wasa. Karaya irin wannan takan kai mako shida a ɗaure. 'Yan ajin ƙarshe, ku lissafa: mako shida babu rubutu, ga jarrabawa, ga furojet. Kuɗin hular kwano da makarin hannu da na gwiwa bai kai wahalar zarya zuwa Asibitin Ƙashi na Dala ba. Ku saye su tare da takalmin, kuma darasinku na farko ya zama yadda ake faɗuwa ta gaba a kan makarin gwiwa.