Ka Ɗaga Motarka Sitiyari Ya Fara Rawa? Ga Abin Da Za Ka Fara Gyarawa, Da Wanda Za Ka Bari Sai Ƙarshe

Kwanan nan bidiyon motocin da aka ɗaga sun cika TikTok da Instagram. Za ka ga Hilux ko Land Cruiser ta yi tsayi, an sa mata manyan tayoyi, tana keta rairayi kamar wasa. Abin da ba a nunawa shi ne yadda motar take idan ta hau kwalta.

Yayana yana da Land Cruiser 79 da yake shiga gona da ita. Bara ya sa aka ɗaga ta inci 2, saboda cikinta yana yawan taɓa ƙasa da damina. Bayan sati biyu muna kan titi, muna gudun kilomita 80, tayar gaba ta faɗa wani ɗan rami. Nan take sitiyari ya kama rawa hagu da dama, gaban motar gaba ɗaya yana kaɗawa, bai lafa ba sai da muka kusa tsayawa. A gareji aka ce a sayi shokozobar sitiyari mai ƙarfi. Aka saya, aka ji sauƙi na wata guda, sannan rawar ta dawo. Daga baya aka gano bushin ɗaya ya mutu, kuma ɗagawar ta karkatar da gatarin gaba.

Masu Jeep Wrangler a Amurka sun daɗe da sanin wannan matsala, har suna kiran ta rawar ajali. Darasin da muka koya da kuɗinmu shi ne: abin da kowa yake fara saya, shi ya kamata ya zo ƙarshe.

Me ɗagawa take canjawa?

Ya danganta da irin ƙafar gaban motarka, kuma iri biyu ne.

Na farko shi ne gatari guda, wato ƙarfe ɗaya da ya haɗa tayoyin gaba biyu. Shi ne a Land Cruiser 70, wadda Toyota ta fara ƙerawa a 1984, da Jeep Wrangler. Land Cruiser 79, irin wadda ake gani a hanyoyin hamada ta wajen Agadez, ta fito a 1999 da sifirin mai murɗi a gaba, kuma dogayen hannuwa biyu ne suke riƙe gatarinta. Idan ka ɗaga jikin motar, hannuwan nan suna sunkuyawa, sai gatarin ya ɗan juya. Wannan juyin yana cinye abin da masu alaimen suke kira kasta.

Kasta ita ce karkatar da ke sa sitiyari ya koma tsakiya da kansa bayan ka sha kwana. Dubi keke ko babur: ƙafar gaba ba a tsaye take cak ba, samanta ya kwanta baya, shi ya sa yake tafiya a miƙe. Idan kasta ta ragu, mota za ta riƙa yawo a kan titi, kana ta kamo ta.

Akwai kuma sandar Panhard, wadda ta samo suna daga wani kamfanin motoci na Faransa. Ita ce take kwance a gicciye, tana hana gatari zamewa gefe. Idan mota ta ɗagu, sandar tana janye gatarin zuwa ɓangare ɗaya, taya ɗaya ta fi ɗaya leƙowa waje.

Iri na biyu shi ne wanda kowace taya take da nata hannuwa, na sama da na ƙasa, kamar Hilux ƙirar 2005 zuwa yau. A nan ɗagawa tana sa hannun sama ya sunkuya, boljoyin ya kusa kai ƙarshen juyinsa, tayarod da shaf su tsaya a karkace. Da zarar an wuce inci 2, sau da yawa mai alaimen ba ya iya dawo da kasta daidai da hannuwan kamfani.

Wayarka za ta iya gano rabin matsalar

Kafin ka je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman kaya, yi gwaji huɗu. Ba sa cin ko kwabo.

Na ɗaya, bidiyo. Ajiye motar a wuri mai laushin shimfiɗa ba gangara, tayoyi a ƙasa, an ja birkin hannu. Wani ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama a hankali, kai kuma ka kunna fitilar waya ka ɗauki kowace mahaɗa: kan tayarod, bakin sandar Panhard biyu, da wurin da akwatin sitiyari ko rak yake ɗaure. Ka sake kallo a hankali. Duk inda ƙarfe ɗaya ya motsa kafin abokinsa ya bi shi, akwai wasa a wurin.

Na biyu, awon karkata. Akwai manhajojin auna karkata kyauta a Play Store, iPhone kuma tana da nata a cikin Measure. Idan motarka mai gatari guda ce, ɗora wayar a wani shafaffen wuri a jikin gatarin, tsawonta yana kallon gaba, kafin a ɗaga motar da bayan an ɗaga, a fili ɗaya. Bambancin digirin shi ne kimanin kastar da ka rasa. Wannan ƙiyasi ne. Ainihin adadin yana wurin na'urar alaimen, kuma ka nemi a nuna maka shi a allo ka ɗauki hoto.

Na uku, tef ɗin awo. Auna daga shasi zuwa tayar hagu, sannan zuwa ta dama. Idan sun bambanta, gatarin ya gusa.

Na huɗu, manhajar gudu mai amfani da GPS. Tayar 265/65R17 da Hilux da yawa suke zuwa da ita tsayinta milimita 776 ne, 285/70R17 kuma 831. Ƙarin ya kai kashi 7 cikin 100, wato idan agogo ya nuna 100, kana kusa da 107. Wannan ƙarin girma da nauyi duk a kan tayarod da rak yake sauka.

Jerin sayayya, daga farko zuwa ƙarshe

Fara da abin da ya mutu. Bushin, kan tayarod, boljoyin, boris ɗin taya. Ɗagawa ba ita take kashe su ba, fallasa su take yi. Sannan a yi wa tayoyi balansin, a duba iska. Babbar taya mai laka a cikin wili kaɗai tana iya kaɗa sitiyari.

Sai gyaran kasta. Ga mai gatari guda da aka ɗaga inci 2, ana sayar da bushin na musamman mai dawo da digiri 2 ko 3. Idan ɗagawar ta fi haka, faranti ko sababbin hannuwa ake sawa. Ga Hilux, hannun sama na musamman da aka ƙera domin motar da aka ɗaga shi ne maganin.

Sai sandar Panhard mai zare, wadda ake ƙara wa tsawo har gatari ya dawo tsakiya. A nan akwai tarko. Sandar da ta taso daga akwatin sitiyari zuwa taya da sandar Panhard dole su kwanta a karkata ɗaya. Idan aka sauke ɗaya aka bar ɗaya, duk ramin da ka shiga motar za ta karkata da kanta ba ka juya komai ba. Don haka kada ka yarda a sayar maka da dogon hannun akwatin sitiyari shi kaɗai. Wayarka za ta iya auna sandunan biyu.

Bayan haka ne ake maganar tayarod mai kauri, kuma sai idan ka ƙara girman taya sosai ko kana bin duwatsu. Ka sani cewa idan tayarod ya ƙi lanƙwasa, bugun zai wuce zuwa rak ko akwatin sitiyari, waɗanda suka fi shi tsada.

Shokozobar sitiyari ita ce ta ƙarshe. Aikinta rage fizgar da dutse ko gargada suke yi wa hannunka, kuma a hanyar burji tana da amfani sosai. Amma ba ta gyara wasa, ba ta dawo da kasta. Mu masu rubuta manhaja mun san irin wannan: ka ɓoye saƙon kuskure daga allo, kuskuren yana nan a ciki yana jiran ranarsa.

Abubuwan da ba a yi

Kada a yi wa tayarod ko hannun sitiyari walda, kada a gasa shi da wuta a miƙe shi. Wanda ya lanƙwashe a canja shi. Ka yi hattara da zoben da ake sawa don turo taya waje. Yana ƙara wa boris nauyi, yana ƙara fizgar sitiyari. Notin bushin roba kuma a ƙarasa ɗaure shi bayan an sauke motar daga jak, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Kayan da ba su da suna ko lambar mota a jiki, bar su a shago. Araha ba ta ado, balle a abin da ke riƙe da ranka.

Idan kuma rawar ta kama ka a hanya, kada ka danne birki da ƙarfi. Riƙe sitiyari da hannu biyu, ɗaga ƙafa daga totur, ka rage gudu a hankali har ta lafa, sannan ka gangara gefe.

Motar yayana yanzu tana tafiya a miƙe. Abin da ya gyara ta bushin Panhard ne, da bushin kasta, da alaimen. Shokozobar da muka fara saya tana nan a jiki, sai yanzu take yin aikin da aka ƙera ta domin shi. Idan kana shirin ɗaga taka, ka ware kuɗin sitiyari tun ranar da kake lissafin sifirin da taya, ba bayan ta tsorata ka a titi ba.