Takarda Ta Adana Baiti, Wa Zai Adana Murya?

A Jami'ar Ghana da ke Legon akwai Cibiyar Nazarin Afirka, wadda marigayi Kwame Nkrumah ya buɗe a 1963. A cikinta akwai wata taska da ya kamata kowane ɗan zango ya san da zamanta, wato ma'ajiyar muryoyi. Tushenta shi ne aikin Farfesa J. H. Kwabena Nketia, wanda tun daga 1952 ya riƙa zagaya garuruwa da ƙauyuka da na'urar ɗaukar magana, yana naɗar kiɗa da waƙa da kirari. A 2015 aka sa wa ma'ajiyar sunansa, shi kuma ya rasu a 2019. Da yawa daga cikin waɗanda ya ɗauka sun riga mu gidan gaskiya, amma har gobe ana iya jin muryarsu.

A wannan cibiya kuma aka tara kofen littattafan malamanmu na Larabci da na ajami a shekarun 1960. Cikinsu har da rubuce-rubucen Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Salaga, ya kuma rasu a 1934, Allah ya jiƙansa. Tsohon garin Kete-Krachi ya nutse a tafkin Volta bayan gina madatsar Akosombo, amma waƙoƙinsa suna nan a takarda.

To, sai dai waƙar ajami don a rera aka yi ta. Takarda tana riƙe baiti, amma ba ta riƙe karin da almajiri ya koya daga bakin malaminsa. Haka tatsuniyar kakanninmu mata, da waƙar daka, da labarin fataken goro na hanyar Gwanja. Duk waɗannan a bakin dattawan Nima da zangon Kumasi da Tamale suke, kuma kullum raguwa suke yi.

Kaset ɗin ma da muka naɗa a da ba su tsira ba. Danshi da zafi suna cin zaren, rediyo mai kaset kuwa ta yi wuyar samu. Dalili ke nan ma'aikatan Legon suka duƙufa wajen juya tsofaffin faya-fayansu zuwa kwamfuta.

Saboda haka, jama'a, sauran aiki namu ne. Wanda ke da tsohon kaset na tafsiri ko biki, ya raba shi da danshi, kada ya kunna shi in ya yi fumfuna, ya nemi masana su juya masa. Mai wayar hannu ya zauna da kakarsa, da izininta, ya naɗi abin da ta sani, ya rubuta suna da gari da kwanan wata. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya ba mu ikon yi tun masu abin suna raye.