Gajiyayyar ƙafa ta fi tsoron sauka

Duk mai kallon ƙwallon kwando na yara ya san wasan zangon farko daban yake da na zango na huɗu. Yaron da ɗazu yake taɓa zoben kwando, mai tsayin mita 3.05, yanzu da ƙyar yatsunsa ke kaiwa raga. Jifarsa sai ta riƙa gazawa. 'Yan kallo su ce hannunsa ya mutu, alhali ƙafa ce ta ƙare, don ƙarfin jifa daga ƙasa yake tasowa.

Na daɗe ina horar da 'yan sakandare a filin siminti, kuma raguwar tsalle ba ta cika damuna ba. Saukar yaro nake sa wa ido.

Tsoka tana da ɗan makamashin gaggawa da ke ƙarewa cikin kamar daƙiƙa 10 na gudu mai tsanani, kuma sai an huta minti 3 zuwa 5 kafin ya sake cika. Wasan kuwa zango huɗu ne, kowanne minti 10, a ruga, a ja birki, a juya, a yi tsalle. Ana haka sukarin da jiki ya adana daga tuwo da shinkafa yana raguwa, saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa tsoka ma yana yin rauni.

Idan yaro ya diro, nauyin da ke hawa ƙafarsa ya ninka nauyin jikinsa sau da yawa. Tsokar gaban cinya ce ke shanye shi, tana barin gwiwa ta lanƙwashe a hankali. Ta bayan cinya tana riƙe ƙwauri kada ya zame gaba, tsokokin ƙugu kuma suna hana gwiwa faɗawa ciki. Da gajiya ta kama su, sai yaro ya fara dira a sandare. Ko ban duba ba, kunnena yana gaya mini: saukar da ɗazu ba a jinta, yanzu tim take yi. Gwiwoyi su nufi juna kamar za su gaisa. A irin wannan saukar ake yawan samun targaɗen idon sawu, a nan kuma jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda likitoci ke kira ACL, take tsinkewa, galibi ba tare da wani ya taɓa yaron ba. 'Yan mata sun fi maza fuskantar wannan rauni, kuma wanda aka yi wa tiyatarsa yakan yi wata tara ko fiye bai koma fili ba.

Matashi yana da wani ƙarin hatsari. A shekarun zurewar tsayi, wajen 13 zuwa 14 ga maza, 11 zuwa 12 ga mata, ƙashi kan riga tsoka tsawo. Tsokar cinya tana ɗamewa, tana jan wurin da jijiyarta ta manne a ƙasan ƙoƙon gwiwa, inda ƙashin bai gama ƙwari ba. Shi ne kumburin nan mai ciwo da ake kira Osgood-Schlatter. Ga shi kuma yara sun fi manya saurin maido da numfashi, abin da ke yaudarar koci. Yaro zai zo yana cewa, "Koci, wallahi zan iya, a mayar da ni." Ƙirjinsa ya huta, cinyarsa kuwa da saura.

Ban ga laifin kwaɗayinsu ba. A Zariya Masai Ujiri ya tashi, a can ya koyi wasan a hannun koci Oliver Johnson, ga shi ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019. Kowane yaro yana hango kansa a NBA. Amma yaronmu yana zuwa fili ne bayan boko da Islamiyya da aiken gida, a zafin watan Afrilu da kan wuce digiri 40. Asarar ruwan da ta kai kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ta isa ta rage ƙwazo. Ga mai kilo 60, ɗan abin da ya haura lita ɗaya ke nan. Barcin da ya kamaci matashi awa 8 zuwa 10 ne, waya kuwa tana cinye mai yawa.

Shi ya sa nake jin ciwon al'adar hukunta yara da zagaye fili har su galabaita, sannan a ce su yi tsalle. Atisayen tsalle da koyon sauka a farkon horo ya kamata a yi su, lokacin da ƙafa ke da ƙarfinta. Nakan sa kowane yaro ya shafa alli a yatsa ya yi tsalle ya taɓa bango kafin mu fara. Ranar da alamarsa ta gaza ta kullum sosai, jifa daga tsaye kawai zai yi. Bayan wasa mai tsanani kuwa tsamin jiki yakan fi ƙarfi a kwana na biyu, don haka ba na haɗa horo mai nauyi biyu a jere. Gwiwar da ta yi ƙara ta kumbura nan take, nakan roƙi iyaye su fara kai ta asibiti kafin a je wurin mai ɗori.